Dan Allah a taimaka: yaya ake gane abu mai karkata da mai adalci a lissafin yiwuwa?

Ɗalibar_Kimiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah taimako nake nema a kan furobabiliti, wato lissafin yiwuwa, daidai wurin da ake maganar abu mai adalci da abu mai karkata, wanda a aji muke ce wa bayas. Wallahi tun makon jiya abin yake ta juya min kai.

Ga yadda aka yi. An ba mu aikin gida, kowa ya ɗauki kwandala ya cilla sama sau 10 ya rubuta abin da ya fito, sannan ya faɗa ko kwandalar tasa mai adalci ce ko a karkace take. Ni na cilla, fuska ta fito sau 7 baya sau 3, sai kawai na rubuta a karkace take tunda ai an koya mana rabi da rabi ne, kamata ya yi in samu 5 da 5. Malaminmu ya ja min jan biro ya rubuta wai hujjata ba ta isa ba. To ni ban gane ba, idan 7 da 3 ba karkata ba ne mene ne karkata?

Sai kuma tambaya ta biyu a takardar, jaka ce da ƙwallaye 8 a ciki, jajaye 3 shuɗɗa 5, ka sa hannu ba ka kallo ka zaro ɗaya. Ni na ce akwai bayas saboda shuɗi ya fi yawa, ƙawata ta ce babu, kuma kowa a cikinmu yana ganin shi ne da gaskiya. Sannan in aka jefa dayis biyu, wato ɗan abin nan mai fuska shida da ake jefawa a wasan ludo, aka haɗa lambobin na lura 7 ta cika fitowa, 2 da 12 kuwa sai a daɗe ba a gan su ba, shi ma wannan bayas ne? Jarabawa ta matso, ba na son in haddace abu ban fahimce shi ba. Na gode.

Malamin_Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata tambayarki ta yi kyau sosai, kuma malaminku gaskiya ya faɗa, bari in nuna miki dalili da lamba don kar ya zama magana kawai.

Da farko ki riƙe wannan, adalci a lissafin yiwuwa ba wai sakamako ya fito daidai-wa-daida ba ne, a'a, damar fitowa ce take daidai. Kwandala mai adalci ita ce wadda a kowane cilli fuska take da dama 1 cikin 2, baya ma 1 cikin 2. Dayis mai adalci shi ne wanda kowace fuska daga cikin shidan take da 1 cikin 6. Mai karkata kuwa shi ne wanda wani abu a jikinsa ko a yadda ake jefa shi ya fifita wani ɓangare, misali an cusa dalma a gefe ɗaya na dayis, ko an goge masa kusurwa, ko mai jefawa ya iya ajiye shi a hankali maimakon ya gangara. Ke abin da kika yi shi ne kin ɗauki sakamako ƙarami kin yanke wa damar hukunci da shi.

Yanzu ga lissafin. In kika cilla kwandala sau 10, hanyoyin da fuska da baya za su iya jeruwa 1,024 ne, wato 2 sau 2 sau 2 har goma. A cikinsu 252 ne kacal suke ba da 5 da 5 cif, ƙasa da kashi 25 cikin 100 ke nan, ma'ana ko da kwandalar ba ta da aibu ko kaɗan, sau uku cikin huɗu ba za ki samu 5 da 5 ɗin da kike jira ba. Fuska 7 daidai tana da hanyoyi 120, fuska 8 tana da 45, fuska 9 tana da 10, fuska 10 tana da 1, in kika haɗa 176 cikin 1,024, wajen kashi 17 cikin 100. In kuma kika ƙara da ɗaya ɓangaren, wato baya ya fito 7 ko fiye, ya zama 352, sama da kashi 34 cikin 100. To kin ga kusan mutum ɗaya cikin uku a ajinku zai samu irin abin da kika samu ko ma wanda ya fi shi nisa, kuma duk da kwandala lafiyayya. Ki tambayi 'yan ajin ki ji, ina da yaƙinin ba ke kaɗai ba ce.

Amma da a ce sau 100 kika cilla fuska ta fito 70, nan fa labari ya canza duk da dai kashi 70 ne a duka biyun. Kwandala mai adalci ta ba da fuska 70 ko fiye cikin 100, wannan wajen sau ɗaya ne cikin 25,000. A nan kam ni da kaina zan karɓi kwandalar in duba ta, in kuma kalli hannun mai cillawa.

Akwai wata dabara mai sauƙi da nake koya wa ɗalibaina ta kwandala. Ki nemo sikweya rut na yawan cillin, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da yawan cillin, ki raba shi biyu, wannan shi ne girman kaucewa daga rabi da aka saba gani. Na 100 shi ne 10, rabinsa 5, don haka 45 zuwa 55 ba abin kallo ba ne, 40 zuwa 60 ma wajen kashi 96 cikin 100 na lokuta a ciki ake faɗawa. In kaucewa ta wuce ninki biyu sai a fara zargi, in ta wuce ninki uku sai zargin ya yi ƙarfi. Naki na 10, sikweya rut 3 da ɗan ɗoriya, rabinsa wajen 1.6, ke kuma 2 kika kauce daga 5, kin ga ba a je ko'ina ba.

Kuma mutane sun zauna sun gwada wannan da hannunsu fa. Buffon na ƙasar Faransa ya cilla sau 4,040 ya samu fuska 2,048. Karl Pearson na Ingila ya yi 24,000 ya samu 12,012. John Kerrich, malamin lissafi daga Afirka ta Kudu da aka tsare a Denmak lokacin yaƙin duniya na biyu, ya yi 10,000 a tsaren ya samu 5,067. Ki lura babu ko ɗaya a cikinsu da ya samu rabi cif, Kerrich ya ma kauce da 67, amma 67 cikin 10,000 ai ɗigo ne, kuma da dabarar can sikweya rut 100 rabinsa 50, bai kai ninki biyu ba. Wannan shi ne abin da masanin lissafi Jacob Bernoulli ya tabbatar, aka buga a 1713 bayan rasuwarsa, cewa in gwaji ya yi yawa kason yana matsawa kusa da ainihin damar.

Batun jaka da dayis biyu zan dawo in Allah ya yarda, lokacin shiga aji ya yi.

Injiniya_Ƙarami ya amsa:

Malam Allah ya ƙara basira, bari in ɗan taɓa na jakar kafin ka dawo, in na yi kuskure a gyara min.

'Yar'uwa ke da ƙawarki abu biyu daban kuke magana a kai shi ya sa kuka kasa haɗuwa. Zarowar ita kanta mai adalci ce muddin ƙwallayen girmansu ɗaya, nauyinsu ɗaya, an gauraya su kuma ba a leƙawa, domin kowane ƙwallo guda yana da dama 1 cikin 8. Amma launukan ba su da dama ɗaya, ja 3 cikin 8, shuɗi 5 cikin 8. Wannan rashin daidaiton daga ƙidaya ya zo ba daga maguɗi ba. Yaushe zai zama bayas na gaske? In shuɗɗan sun fi girma hannu ya fi saurin cin karo da su, ko an zuba su daga sama ba a girgiza jakar ba, ko jajayen suna da santsi suna zamewa. A nan sai shuɗi ya riƙa fitowa fiye da 5 cikin 8 ɗin da ƙidaya ta ba shi.

To inda ake rikicewa shi ne in aka mayar da shi wasa, aka ce ke in ja ya fito kin ci, ƙawarki in shuɗi ya fito ta ci. Wannan wasan ba adalci a cikinsa, an cuce ki, duk da jakar ba ta da laifi. Don haka a jarabawa ki karanta tambayar a hankali ki ga me ake tambaya, kayan aikin ne ko wasan da aka gina a kansu. Wasu littattafan ma suna kiran irin wannan mai karkata kai tsaye in ana maganar launi ne kawai, shi ya sa ni shawarata kar ki tsaya a kalma ɗaya, ki rubuta damar kowane ɓangare da lamba ki ce ga wanda ya fi, duk malamin da ya ga 3/8 da 5/8 ya san kin gane.

Dayis biyu ma haka ne. Kowane dayis lafiyarsa ƙalau, amma in an haɗa su hanyoyi 36 ne, 6 sau 6. Bakwai tana fitowa ta hanya 6, wato 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4, 4 da 3, 5 da 2, 6 da 1. Biyu kuwa hanya ɗaya tak gare ta, 1 da 1, haka 12 sai 6 da 6. To don me 7 ba za ta cika fitowa ba, ta ninka su sau shida. Da za ki ga 2 tana fitowa daidai da 7 ma a nan ne ya kamata ki ce an taɓa dayis ɗin.

Kuma kar ki ji komai, wannan wurin manya ma sun yi tuntuɓe a kai. D'Alembert, babban masanin lissafi ne na Faransa, a 1754 ya rubuta cewa in an cilla kwandala sau biyu damar a samu fuska aƙalla sau ɗaya 2 cikin 3 ce, saboda ya ƙirga yanayi uku ya ɗauka duk nauyinsu ɗaya. Amsar gaskiya 3 cikin 4 ce, fuska-fuska, fuska-baya, baya-fuska, baya-baya, huɗu ne kuma uku suna da fuska. Kuskuren shi ne mutum ya ga zaɓi uku ko biyu ya ce shi ke nan damarsu ɗaya, ba tare da ya sauka ƙasa ya ƙirga ƙananan hanyoyin da suke da gaske daidai ba.

Ɗalibar_Kimiyya ta sake rubutawa:

Malam na gode Allah ya saka da alheri, Yaya Injiniya kai ma na gode, na jakar ya zauna min yanzu. Na tambayi 'yan ajinmu kamar yadda Malam ya ce, mutum biyar na samu da 7 da 3, ɗaya ma 8 da 2 ya samu.

Amma ga inda na sake maƙalewa. Tunda an ce in cilli ya yi yawa abin yana komawa rabi da rabi, ke nan bayan na samu fuska 7, yanzu baya ne ya kamata ya riƙa fitowa don ya rama ko? In ba haka ba ta yaya za a koma daidai?

Malamin_Lissafi ya amsa:

A'a ƙanwata, nan kam ki tsaya, wannan ita ce fahimtar da na fi jin tsoron ɗalibi ya fita da ita daga ajina. Kwandala ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta san me ta yi ɗazu ba, ba a bin ta bashi. Ko fuska ta fito sau 7 a jere, cilli na takwas rabi da rabi ne. Da a ce baya zai samu ƙarin dama don ya rama, ai da a wannan cillin kwandalar ta zama mai karkata ke nan, kin ga maganar ta ci karo da kanta.

Yadda ake komawa kusa da rabi ba ramuwa ba ce, narkewa ce. Kina da rarar fuska 2 a kan 5 ɗin da ake tsammani. Ki ƙara cilli 990, a ce sun rabu 495 da 495, jimla fuska 502 cikin 1,000, kashi 50.2 ke nan. Rarar nan ta 2 tana nan ba inda ta je, yawa ne ya shanye ta har ta daina nuna kanta.

Wannan kuskuren ya cinye dukiyar mutane da yawa. A gidan caca na Monte Carlo a watan Agusta na 1913 launin baƙi ya fito sau 26 a jere a faifan cacar da ake juyawa mai gurabe ja da baƙi, mutane suka yi ta zuba kuɗi a kan ja suna cewa yanzu kam dole ya zo, suka yi ta asara. Ki lura ma da wani abu, in har dogon jeri yana nuna wani abu, to zargin karkata zuwa ɓangaren da yake ta fitowa yake nunawa, ba ɗaya ɓangaren ba.

Abin da Injiniya ya faɗa a kan jaka da dayis biyu daidai ne, ba ni da ƙari.

Mai_Ƙididdiga ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Malam ka yi min izini in ƙara wani ɓangare, domin ina ganin an fi ba da ƙarfi a kan kar a yi saurin cewa akwai bayas, alhali ɗaya gefen ma yana nan, wato karkatar da take da gaske amma ƙarama ce ido ba ya kama ta. Ni aikina ke nan kullum kuma ita ce ta fi ba mu wahala.

Wani masanin halittu a Ingila mai suna Weldon ya jefa dayis 12 tare har sau 26,306, ya ba da rahoto a 1894, jifa 315,672 ke nan in aka ƙirga ɗai-ɗai. Yana ƙirga sau nawa 5 ko 6 suka fito. In da adalci kashi ɗaya cikin uku ake jira, 105,224, shi kuma ya samu 106,602. A kaso 33.8 ne maimakon 33.3, wanda in a jifa 60 ne babu mai lura har abada, amma a wannan yawan rarar 1,378 ta wuce abin da sa'a kaɗai za ta kawo nesa ba kusa ba, kuma Pearson ya yi amfani da waɗannan lambobin a 1900 lokacin da ya fito da gwajin kai-sikweya, wato lissafin da ake auna ko kaucewa ta wuce abin da sa'a kaɗai za ta kawo. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne ɗigon da ke jikin dayis mai araha rami ne aka haƙa, fuskar 6 an cire mata nama fiye da fuskar 1 da ke bayanta, sai ta fi sauƙi ta riƙa ɗan juyowa sama. Shi ya sa dayis na ƙwararru ake cike ramukan da abu mai nauyi ɗaya da jikinsa.

Kwandala ma ba ta tsira ɗari bisa ɗari ba. A 2007 wasu masana uku, Diaconis da Holmes da Montgomery, sun nuna da lissafi da kyamara mai sauri cewa kwandalar da aka cilla da babban yatsa aka cafe tana ɗan fi komawa kan fuskar da ta fara da ita, wajen kashi 51 cikin 100, saboda tangaɗin da take yi a iska. A 2023 wasu masu bincike suka haɗu suka cilla sau 350,757 suka samu kashi 50.8. Ki lura ƙanwata, wannan karkatar ba a jikin ƙarfen take ba, a hannu take, shi ya sa tambaya biyu nake yi kullum, yaya aka ƙera abin, kuma yaya aka yi amfani da shi.

Kuma ba wasa ba ne kawai. Ranar 1 ga Disamba 1969 Amurka ta yi ƙuri'ar ɗaukar matasa aikin soja lokacin yaƙin Biyetnam, aka rubuta ranakun haihuwa 366 aka sa a ƙananan kwanso aka zuba wata bayan wata, na Disamba a ƙarshe, ba a gauraya sosai ba, sannan aka riƙa zaro su ɗai-ɗai ana ba kowace rana lamba bisa jerin fitowarta. Sakamakon shi ne waɗanda aka haifa a ƙarshen shekara suka fi samun ƙananan lambobi, su ake fara kira. Kwanson duk iri ɗaya ne, babu wanda aka ƙara wa nauyi, gaurayawa ce kawai ta gaza, kuma rayukan mutane ne a kai. Shekarar da ta biyo baya sai da aka canza tsarin. Jakarki ce ta ƙwallo 8 dai, wadda ba a girgiza ba.

In kina son ki ga karkata da idonki ki bar kwandala ki ɗauki murfin kwalba. Shi ma hanya biyu yake faɗuwa, a kife ko a buɗe, amma siffarsa ba ɗaya ba ce ta ɓangarorin biyu don haka ba ki da hujjar cewa rabi da rabi ne tun kafin ki jefa. Ki jefa shi sau 200 ki rubuta, ki raba yawan kifewa da 200, wannan shi ne kiyasinki na damarsa. Abu mai siffa daidai muna lissafa damarsa daga siffar sannan mu gwada mu tabbatar, marar siffa daidai kuwa gwaji ne kaɗai zai faɗa mana.

Sannan ga wata dabara da masanin lissafi John von Neumann ya kawo a 1951 wadda nake matuƙar so. Ko abu a karkace yake za ki iya fitar da hukunci mai adalci daga gare shi. A ce murfin yana kifewa kashi 70 cikin 100. Ki jefa sau biyu. In kife ya fara buɗe ya biyo, ke kin ci, in buɗe ya fara kife ya biyo, ƙawarki ta ci, in duka biyun iri ɗaya ne a watsar a sake. Lissafa ki gani, 0.7 sau 0.3 shi ne 0.21, 0.3 sau 0.7 shi ma 0.21, daidai suke, kuma ko ba ki san girman karkatar ba dabarar tana aiki muddin jifa ɗaya ba ya shafar na bayansa.

Ɗalibar_Kimiyya ta sake rubutawa:

Anti na gode ƙwarai, Malam na gane batun narkewar yanzu, na ma sake lissafa 502 ɗin da kaina. Ni da ƙawata mun shirya gobe bayan an tashi za mu yi na murfin kwalba sau 200, ita tana jefawa ina rubutawa, sannan mu yi na kwandalar nan tawa sau 100 mu ga ko za ta tsaya tsakanin 40 da 60. Tambaya ɗaya Anti, in na murfin ne, dabarar Malam ta sikweya rut a raba biyu tana aiki, ko ta kwandala ce kaɗai?

Mai_Ƙididdiga ta amsa:

Tana aiki don gwada ko rabi da rabi ne, tunda tambayar da kike yi ke nan. Sikweya rut na 200 wajen 14 ne, rabinsa 7, ninki biyu 14, don haka in kifewa ta faɗa tsakanin 86 da 114 ba ki da hujjar cewa a karkace yake tukunna, in ta fita can nesa kamar 130 ko 65 kin kama shi. Ku riƙa jefawa daga tsayi ɗaya a kan wuri mai tauri, kuma ku riƙa canza ɓangaren da kuke farawa da shi saboda abin nan na hannu da na faɗa. Ki dawo mana da lambobin mu duba tare.